Sandar da ECOWAS Ta Ɗaga wa Yamai, a Kan Wa Ta Sauka?



Duk ranar da aka ambaci ECOWAS da Nijar a zauren nan, sai mu rabu gida biyu kamar masu kallon ƙwallo. Wasu su ce ƙungiyar 'yar amshin shatan Faransa ce, Allah ya ƙara wa sojoji ƙarfi. Wasu su ce ai doka doka ce, wanda ya yi juyin mulki dole ya ɗanɗana kuɗarsa. Ana gama musun kowa ya kama gabansa, ba wanda ya tambayi abin da ya kamata marubuci ya fara tambaya: me ƙungiyar ta ce tana so, wace hanya ta bi, kuma me ta samu a ƙarshe?

Matsayina a nan ba ɓoyayye ba ne. ECOWAS ta gaza a mu'amalarta da ƙasashen Sahel, kuma dalilin gazawar ɗaya ne babba. Abu guda tak talakan yankin nan ya san ƙungiyar da shi, wato buɗaɗɗiyar hanya: ka tashi daga Dutsin-Ma ka bi ta Kurfi ka shiga Katsina, ka wuce Jibiya ka kwana Maraɗi ba wanda ya tambaye ka biza. Wannan abu ɗaya ƙungiyar ta ɗauka ta mai da shi sanda. Ta doki mutanen da ba su yi juyin mulkin ba, waɗanda suka yi kuwa suna nan daram, kuma ta rasa ƙasashe uku a kai.

Mu fara da ma'aunin da ita kanta ƙungiyar ta aje. Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka tsare Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, wanda bai fi mako uku da karɓar jagorancin ƙungiyar ba. Suka ba sojojin wa'adin kwana bakwai su saki Bazoum su mai da shi kan kujerarsa, in ba haka ba a ɗauki duk matakin da ya dace, har da ƙarfin soja. Ranar 10 ga Agusta suka ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. A watan Disamba kotun ƙungiyar ma ta yanke hukuncin a saki Bazoum a mai da shi mulki.

To, ina sakamakon? Fiye da shekara biyu ke nan Bazoum da matarsa suna tsare. Ranar 16 ga Satumbar 2023 Mali da Burkina Faso da Nijar suka kafa ƙawancen AES. Ranar 28 ga Janairun 2024 suka sanar sun fice daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ƙungiyar ta janye takunkumin ba tare da an cika mata ko sharaɗi ɗaya ba, ta ce don jin ƙai ta yi. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar ta tabbata, ƙasashe 15 suka koma 12. A watan Maris na 2025 aka rantsar da Tchiani shugaban riƙon ƙwarya na shekara biyar, aka rushe jam'iyyun siyasa. Duk wanda ya taɓa gyara takardar jarrabawa ya san makin da ake ba ɗalibin da bai ci ko tambaya ɗaya ba, ballantana shi ya tsara tambayoyin da hannunsa.

Yanzu mu duba sandar kanta. An rufe iyakokin ƙasa da na sama. An dakatar da cinikayya da hada-hadar kuɗi. An riƙe kadarorin Nijar a bankunan yankin. Najeriya ta katse wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga nan take zuwa. Abin da ya fi muni shi ne ba a ware abinci da magani ba. Da aka ƙaƙaba wa Mali takunkumi a Janairun 2022 an tsame kayan masarufi da magunguna da man fetur da lantarki, amma Nijar, ƙasar da ba ta da gaɓar teku kuma take cikin mafiya talauci a duniya, aka haɗa mata duka. Motocin kaya suka yi layi a Malanville ta ɓangaren Benin, aka koma ƙetare kogi zuwa Gaya da kwale-kwale.

Ita kuwa Mali ɗin ai darasi ce da ba a karanta ba. Kwana biyar bayan takunkumin 2022, ranar 14 ga Janairu, jama'a suka cika titunan Bamako suna goyon bayan sojoji, har gwamnatin can ta mai da ranar ta zama ranar biki duk shekara. Takunkumin da aka ce zai raba talakawa da sojoji shi ya haɗa su. Wata goma sha takwas bayan haka aka sake ɗauko maganin nan, aka ƙara masa ɗaci, aka ɗura wa Nijar. Ranar 6 ga Agusta da wa'adin ya cika, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché a Yamai suna yi wa sojoji tafi. In makaho ya taka rami sau ɗaya a tausaya masa, in mai ido ya taka rami ɗaya sau biyu sai a tambayi inda hankalinsa yake.

Hankalin yana Abuja, a kan taswira. A taswira Nijar wata ƙasa ce mai launi daban, akwai layi tsakaninmu da ita mai tsawon kilomita kusan 1,500 wanda ya ratsa gefen jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Layin nan Turawan Ingila da na Faransa suka ja shi a yarjejeniyoyin da suka yi ta yi tsakaninsu daga 1890 zuwa 1906, ba su shawarci kowa ba. Amma mu Katsinawa mun san abin da ke ƙarƙashin layin. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Katsina wajejen 1807, tsohon gidan sarautar ya yi arewa ya kafa mazauni a Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran mai sarautar can. Mu nan ƙasar Kurfi ba sai an kai mu nesa ba, sarautar hakiminmu Maraɗin Katsina ce, suna ɗaya da garin, kuma tushensu ɗaya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar Nijar ta yau. Mutumin da ya ce zai hukunta Nijar ya bar arewacin Najeriya lafiya, kamar ya ce ne zai sari reshe ɗaya na bishiya da gatari ba tare da ɗayan ya girgiza ba.

Kuma ya girgiza. Raguna da shanu da raƙuma da ke cika kasuwannin kara na Mai'aduwa da Jibiya da Charanchi, da yawansu daga arewa suke gangarowa. Haka wake da aya da dabino da kanwa. Daga nan kuma masara da dawa da siminti da kayan roba suke hawa. Tsakanin wannan hawa da gangara akwai direba da yaron mota, da ɗan dako, da dillali, da ɗan canjin sefa, da mai shayi da mai tuwo a Magama da Ɗan Isa da Kongolam da Illela da Ƙonni. Akwai 'yan ci-rani da ke zuwa mana bayan kaka. Akwai matar da aka auro daga Madarunfa, mahaifinta ya rasu, ga hanya a rufe. Duka wannan ya faru ne wata biyu kacal bayan cire tallafin man fetur, lokacin da kuɗin mota da na mudu suka riga suka fi ƙarfin magidanci. Babu janar ɗin da ya kwana da yunwa saboda an rufe Magama. Wanda ya ci riba shi ne mai bi ta ɓarauniyar hanya da babur, da wanda ke tsaye kan shinge yana miƙa hannu.

Mu mutanen tsakiyar Katsina bai kamata a yi mana bayanin irin wannan magani ba, mun sha shi har sau biyu. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don hana shigo da shinkafa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, aka kuma hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, aka rufe kasuwannin dabbobi, duk don a matsa wa 'yan bindiga. Kowa ya tuna abin da ya biyo baya. Ɗan bindiga ya san tudun da zai hau ya sami sabis, mutumin ƙauye kuwa aka zo masa cikin dare ba shi da hanyar kiran agaji. Hukuncin da ake yi wa gari duka don a kama mutum ɗaya, kullum mai ƙaramin ƙarfi yake fara kayarwa. Wanda ya yi kuka da wannan a 2021 sannan ya yi tafi da aka yi wa Nijar a 2023, ya zauna ya daidaita maganarsa.

Batun wuta ma ya cancanci a tsaya a kansa. Tun shekarun 1970 Najeriya ke sayar wa Nijar lantarki, layi ɗaya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya wani daga Katsina zuwa Gazawa mai ba Maraɗi da Damagaram. An daɗe ana fahimtar cinikin a matsayin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda: Nijar ta sha wuta, ta bar ruwan Kwara ya gangaro wa madatsun Kainji da Jebba. Amana ce ta kusan shekara hamsin da ta tsallake juyin mulkin 1974 da na 1996 da na 1999 da na 2010 ba a taɓa ta ba. Rana ɗaya aka sauke makunni. Duk wanda zai mulki Nijar nan gaba, soja ne ko farar hula, ya riga ya koyi cewa dogaro da wutar Najeriya kasada ce. Kafin ƙarshen 2023 sun kunna tashar hasken rana ta Gorou Banda, kuma madatsar Kandadji da suke ginawa a kan kogin ta sami sabuwar hujja.

To wa ya buɗe ƙofa lokacin da ta rufe? Nan ne labarin ya fi koyar da mu. Ranar 3 ga Agustan 2023 tawagar ECOWAS ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta sauka Yamai, ba ta ga Tchiani ba, ba ta ga Bazoum ba, ta juyo. Manyan mutane ne masu daraja a ƙasashen biyu, amma sun je ne da wa'adi rataye a wuyansu. Bayan 'yan kwanaki aka hana wata tawagar haɗin gwiwa ta ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya shiga. Sai ga Muhammadu Sanusi II ranar 9 ga wata zaune da Tchiani, tare da Sarkin Damagaram, kuma ya ce ba gwamnati ta aike shi ba. Bayansa malaman addini ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka je aka karɓe su hannu biyu. Sai bayan nan, ranar 19 ga Agusta, Abdulsalami ya koma ya ga Tchiani ya ga Bazoum. Da aka zo janye takunkumin ma sai da Janar Yakubu Gowon, wanda shi da Eyadéma na Togo suka yi ɗawainiyar kafa ƙungiyar a 1975, ya fito ya yi roƙo.

Wato rawani da carbi da harshen Hausa da furfura su suka yi aikin da takardar Abuja ta kasa. Wannan jari ne da Tarayyar Turai ba ta da shi, Rasha ba ta da shi, Amurka ba ta da shi. ECOWAS tana da shi a aljihu, amma sai da ta gama zare ido ta tuna da shi. Bahaushe ya san tsarin sulhu: ana fara aika dattijo, in abin ya ƙi sannan a ɗaga murya. Wanda ya fara da rantsuwar sai ya yi duka, ya ɗaure kansa, ya kuma ɗaure abokin faɗansa, don duk wanda ya ja baya a gaban jama'a ya ji kunya.

Ita barazanar yaƙin kuwa fankan fayau ce tun ranar farko. Ranar 5 ga Agusta, kwana ɗaya kafin wa'adi ya cika, Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da soja. Sanatocin arewa sun ƙi, malamai sun ƙi, an yi zanga-zanga a Kano. Mali da Burkina Faso suka ce taɓa Nijar taɓa su ne. Aljeriya ta ce ba ta yarda ba. Sojojin da aka ce za su tafi Yamai su ne waɗanda ba su isa tsare hanyar Jibiya da dajin Rugu ba. Hafsoshin Yamai suna sauraron BBC Hausa kamar kowa, sun san duk wannan. Ranar da wa'adi ya wuce ba abin da ya faru, daga ranar maganar ECOWAS ta rage nauyi a ko'ina, har a kunnen sojan da ke wata ƙasa yana tunanin nasa juyin mulkin.

Na san amsar masu kare ƙungiyar, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce akwai yarjejeniyar 2001 kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki, Nijar ta sa mata hannu, kuma ta haramta karɓar mulki da bindiga. Za su ce wannan ne juyin mulki na shida a yankin cikin shekara uku, bayan biyu a Mali, ɗaya a Gini, biyu a Burkina Faso, in aka naɗe hannu gobe sai a ji shi a ƙofar gida. Za su kawo Gambiya, inda a Janairun 2017 barazanar soja ta sa Yahya Jammeh ya tattara ya bar ƙasa. Duka gaskiya ne, kuma Bazoum zaɓaɓɓe ne, tsare shi zalunci ne.

Sai dai Gambiya ƙasa ce da Senegal ta kewaye ta, jama'arta sun riga sun kayar da Jammeh a akwati, sojojinsa kuma sun ce ba za su yi faɗa ba. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa. Sannan doka tana da ƙarfi ne in ana yi wa kowa ita. A 2015 an kawo shawarar a taƙaita wa'adin shugabannin yankin zuwa biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka aje maganar. A 2020 Alpha Condé ya sauya tsarin mulkin Gini ya yi tazarce karo na uku ana kashe masu zanga-zanga, Alassane Ouattara ma ya yi karo na uku, ƙungiyar ba ta rufe iyakar kowa ba. A 2024 Togo ta sauya tsarin mulki ta yadda Faure Gnassingbé, wanda ke kan mulki tun 2005 bayan mahaifinsa, zai ci gaba da riƙe ƙasa ba tare da ƙayyadadden wa'adi ba. A Yulin 2024 ne kuma aka sa shi, tare da Bassirou Diomaye Faye na Senegal, su je su lallashi sojojin Sahel. Talaka ba ya karanta yarjejeniya, amma yana gane alƙalin da ke hukunta ɓarawon akuya ya ci abinci da ɓarawon sa. Kuma tsakanin naɗe hannu da toshe wa mutum fiye da miliyan 25 hanyar abinci akwai fili mai faɗi: a dakatar da ƙasa daga zaman ƙungiya, a hana hafsoshin da iyalansu tafiya, a riƙe dukiyarsu, a bar hanya da magani da wuta.

Yanzu gare ku masu liƙa hoton Ibrahim Traoré a fuskar waya. Gazawar ECOWAS ba ta wanke sojoji ba. Sun ce sun zo ne don tsaro. Sojojin Faransa sun fita daga Nijar a Disambar 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, masu horarwa na Rasha sun iso a Afrilun 2024. Amma ranar 21 ga Maris na 2025 an kashe mutum 44 a masallacin Fambita a jihar Tillaberi ana tsaka da sallar Juma'a cikin azumi, kuma rahoton ta'addanci na duniya na 2025 ya ce fiye da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a duniya a 2024 a Sahel suke. Sun ce sun zo ne don 'yancin kai, amma har yanzu ƙasashen uku sefa suke kashewa. Ku da kuke son zama marubuta ya kamata wannan ya fi damun ku: an dakatar da RFI da France 24 a 2023, an dakatar da BBC wata uku a Disambar 2024, a wannan Disambar kuma aka kama Moussa Tchangari, ɗan fafutukar da ya daɗe yana sukar zaman sojojin ƙasashen waje a Nijar. Gaskiya ne kundin da suka fitar a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma abin farin ciki ne. Amma harshen da aka ɗaga aka hana mai shi faɗin ra'ayinsa, ina amfaninsa ga mai alƙalami? Rubutun da kuke yi a nan kuna caccakar gwamnatin Abuja, ku gwada kwatankwacinsa a Yamai ko Wagadugu.

Kuɗin wannan ɓaraka mu muke biyan sa da jini. Ɗan bindigar da ke dajin Rugu bai san layin 1906 ba. Yana satar shanu a Safana ya tsallaka da su, yana sayen makami daga arewa, in an matsa masa a nan ya faɗa dajin Baban Rafi ta ɓangaren Madarunfa. Tun 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke gudun hijira a jihar Maraɗi, 'yan uwanmu na can suka ba su masauki. A Satumbar 2019 gwamnonin jihohin uku suka je Maraɗi suka zauna da gwamnan can kan tsaron iyaka. Irin wannan zama shi takunkumi ya kashe. A Nuwambar 2024 hedikwatar tsaron Najeriya da bakinta ta ce Lakurawa sun sami sararin shigowa Sakkwato da Kebbi ne saboda haɗin gwiwar sintiri ya yi rauni bayan juyin mulkin. A Disamba Tchiani ya fito a talabijin, cikin Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu ya mai da martani shi ma cikin Hausa. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Maƙwabta biyu masu ɓarawo ɗaya sun koma zargin juna, ɓarawon yana ta sha'aninsa.

Gurbin da ECOWAS ta bari kuma wasu sun cike. Sarkin Maroko ya yi wa ƙasashen Sahel tayin hanyar zuwa tekun Atlantika tun Nuwambar 2023. Togo, 'yar ƙungiyar, ta ci gaba da ɗaukar kayan Nijar ta tashar Lome, kuma ta hannunta aka saki ɗan Bazoum a Janairun 2024. John Mahama na Ghana ya naɗa wakili na musamman ga AES, ya zagaya ƙasashen uku da kansa. Kowa ya kama tasa hulɗar, ƙungiyar da aka kafa don a yi magana da murya ɗaya ta zama 'yar kallo.

In za a yi adalci, akwai abin da ta yi daidai daga baya. Ranar da ficewar ta tabbata ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a bar su su shiga su fita su yi ciniki kamar da, har sai an cimma sabuwar matsaya. Su ma AES sun ce 'yan ECOWAS ba sa buƙatar biza. A Mayun 2025 shugaban hukumar ƙungiyar, Omar Alieu Touray, ya zauna da ministocin wajen ƙasashen uku a Bamako. Amma wannan rance ne, kalmar "har sai" tana nan, kuma tun Maris na 2025 AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ke shiga mata. 'Yancin zirga-zirgar da yarjejeniyar 1979 ta ba mu a matsayin haƙƙi ya koma alfarma da kowane ɓangare zai iya janyewa ranar da ransa ya ɓaci.

Abin da ya kamata mu matsa a kansa ke nan. A rubuta yarjejeniya tsakanin ECOWAS da AES da ta ce hanya da abinci da magani da wuta ba za su sake zama makamin siyasa ba, ko wa ke mulki. A farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, ta girmi ECOWAS kanta, kuma ficewar Nijar ba ta shafe ta ba. A bar gwamnan Katsina da na Maraɗi da sarakunan iyaka su riƙa zama kan tsaro ba sai an jira Abuja da Yamai sun shirya ba. A kammala layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Sannan ƙungiyar ta riƙa yi wa mai sauya tsarin mulki don tazarce hukuncin da take yi wa mai bindiga, in tana son a sake jin maganarta.

Namu aikin kuma yana nan yana jira. Wata bakwai da 'yan kwanaki iyakar nan ta yi a rufe, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris na 2024, kuma yawancin abin da aka rubuta a kanta da Turanci da Faransanci aka rubuta shi, daga ofisoshin da ke nesa da Magama. Mu da muke jin harshen ɓangarorin biyu mun ƙare a tura hotunan janar-janar da zagin juna. Ina labarin direban da kayansa suka ruɓe a layi? Ina na amaryar da aka ɗaura wa aure a Ɗan Isa ango yana Jibiya? Ina na ɗan ci-ranin da ya rasa hanyar aika wa gida kuɗi, ko na ma'aikaciyar jinya a Maraɗi ranar da wuta ta ɗauke? Ku je kasuwa ku tambayi dillalan kara, ku zauna da 'yan kamasho a tasha, ku rubuta abin da suka gaya muku yadda suka faɗe shi, ku tabbatar da kwanan wata kafin ku sa. In ba mu rubuta ba, ranar da wani taron Abuja zai sake tunanin rufe hanyar, ba abin da zai tarar a rubuce da zai tuna masa a kan wa sandar ta sauka.

Wanda bai yarda da ni ba, fili nasa ne. Sharaɗi ɗaya: ya kawo abu ɗaya da ECOWAS ta nema ranar 30 ga Yulin 2023 kuma ta samu.

Wassalam, daga Tamawa.